Fensirin Kirby da Bakin Lee: Abin da Ke Jan Mu ga Fantastic Four



Da farko muna godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba mu wannan dama, ko da yake mun san akwai waɗanda suka ga kan maganar a jikin allon sanarwa suka yi murmushi, suka ce ashe har wasan yara ya samu shiga zauren lacca. Ba mu ga laifinsu ba. Mujallun da za mu yi magana a kansu, a kan takarda mafi araha aka buga su, senti 10 aka sayar da ta farko a kantunan Amurka, kuma waɗanda suka yi su ba su zaci wani zai adana su bayan ya karanta ba. Amma ga shi an haura shekara 60 ana ta sake buga su, ana yin fim da su, har shari'a an yi a kan wanda ya mallake su. Abin da ya daɗe haka bai mutu ba, ya kamata ɗalibin adabi ya tsaya ya tambayi dalili.

Mujallar da muka zaɓa ita ce Fantastic Four, watau jarumai huɗu na ban mamaki, wadda kamfanin Marvel na birnin New York ya fara fitarwa a 1961. Labari ne da ake bayarwa da zane. Ana raba kowane shafi gida-gida kamar dara, kowane gida da hotonsa, maganar mutane kuwa a sa ta cikin wata kumfa bisa kawunansu. Mutum biyu ne suka haife ta, edita Stan Lee da mai zane Jack Kirby, kuma tare suka yi fitowa 102 a jere, daga 1961 har zuwa 1970. A kan waɗannan shekaru tara za mu tsaya. Abin da muke so mu nuna shi ne, daɗin wannan mujalla ya fito ne daga hannu biyu waɗanda ba kullum suke jituwa ba, kuma babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a wurin miyagun labarin.

Ga yadda labarin ya soma. A shekarar da Yuri Gagarin na Rasha ya zagaya duniya, wani masani mai suna Reed Richards ya matsu ya riga 'yan gurguzu zuwa sararin samaniya. Sai ya ɗauki budurwarsa Sue Storm, da ƙanenta Johnny, da abokinsa matuƙin jirgi Ben Grimm, suka saci hanya da dare suka tashi da rokar da ba a gama shirya ta ba. Ben ya yi gargaɗi cewa garkuwar jirgin ba za ta tare wani haske mai lahani da ke can sama ba, aka yi masa gorin tsoro, ya yi zuciya ya tuƙa. Da suka faɗo ƙasa sai kowa ya ga jikinsa ya sauya. Reed yana miƙewa kamar danƙo, Sue tana ɓacewa daga gani, Johnny yana kamawa da wuta ya tashi sama. Ben kuwa ya zama wani ƙaton dodo mai fata kamar fasasshen dutse, wanda ko sunan kirki bai samu ba, sai Thing, watau “Abin nan”.

Mu lura da wannan rabo, domin a nan gishirin yake. Uku sun samu baiwar da za su ɗauka su ajiye in sun ga dama. Na huɗu, wanda shi ne ya faɗi gaskiya tun farko, shi aka bari da siffar da ba ta cirewa, yana tafiya a titi mata suna jan 'ya'yansu. Kuma kullum yana zaune gida ɗaya da mutumin da ya jawo masa. Jaruman da aka saba gani kafin wannan lokaci, in sun haɗu ƙungiya, kamar 'yan kwamiti suke, kowa da fara'a, ba mai ɗaga wa wani murya. Waɗannan kuwa zo mu zauna ne, zo mu saɓa. Johnny yana tsokanar Ben, Ben yana farfasa kujeru, Reed ya shige ɗakin bincike ya manta da kowa. Ba su ɓoye sunayensu ba, kowa ya san gidansu a benen Baxter, ko kayan ƙungiya ba su sa ba sai a fitowa ta 3. A fitowa ta 9, cikin 1962, Reed ya zuba kuɗinsu a kasuwar hannun jari suka narke, aka kore su daga gidan haya. Jarumin da ya gagari dodanni, ga shi mai gida ya fitar masa da kaya waje.

To, wa ya tsara wannan duka? A nan sai mun bayyana yadda ake aikin. A wasu kamfanoni marubuci yakan rubuta kome dalla-dalla, ya ce gida na farko a zana kaza, na biyu kaza, mai zane ya bi. Lee ba shi da wannan lokaci, domin mujallu da yawa ke wuyansa. Saboda haka sai su tattauna da Kirby a taƙaice, wani lokaci 'yan jimloli kawai, Kirby ya koma gida ya zana shafi 20 da fensir, shi ne mai yanke abin da zai faru a kowane gida, wa zai shigo, wa zai faɗi, ina za a tsaya. A gefen takardar yakan rubuta ɗan bayani. Sa'an nan Lee ya karɓa ya sa wa mutanen magana a baki. Watau hoto ne ke gaba, magana na biye. A jikin mujallar kuwa sai a rubuta Lee ne marubuci, Kirby mai zane, mai karatu ya ɗauka ɗaya ya yi tunani, ɗaya ya yi ado.

Shi Kirby, sunansa na yanka Jacob Kurtzberg. An haife shi a 1917 a wata unguwar matalauta ta New York, iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Ostiriya, ubansa yana aiki a masana'antar ɗinki. Ya tashi cikin faɗan 'yan unguwa, ya kuma je Yaƙin Duniya na Biyu a sojan ƙasa a Turai, inda sanyi ya kusa cinye masa ƙafafu. Wanda ya san wannan, in ya dubi zanensa zai gane cewa mutumin ya san naushi daga ciki. In Ben ya kai duka, ba hannu kaɗai ke tafiya ba, tun daga diddige jikin yake murɗawa, wanda aka buga kuwa sai ka ga kamar zai fasa gidan zanen ya faɗo maka a cinya. Yakan turo tafin hannu gaba har ya fi kan mai shi girma, yatsu masu kusurwa kamar an sassaƙa su da gizago. Malamin zane zai ce gwiwar mutum ba haka take ba. Gaskiya ne, amma babu mai karatun da ya taɓa tsayawa ya rasa inda idonsa zai nufa a shafin Kirby.

Sai injuna. Ɗakin binciken Reed cike yake da na'urorin da ba wanda ya san aikinsu, bututu a kan bututu, tun daga ƙasa har rufi, amma in ka dube su sai ka rantse in an danna wani abu za su tashi. Akwai kuma dabarar da har yau ake kira da sunansa, ta tara baƙaƙen ɗigo-ɗigo, manya da ƙanana, a bar farin fili tsakaninsu, sai ido ya ga wuta tana tartsatsi ko sarari yana tafasa. Wani lokaci ma yakan yanko hotuna daga mujallu ya manna su, ya ɗora mutanensa a kai, don ya nuna wata duniyar da fensir ya kasa. Injin ɗab'in zamanin yakan dagula waɗannan su fito duhu-duhu, amma niyyar tana nan. Kada kuma mu manta da Joe Sinnott, wanda daga fitowa ta 44 a 1965 ya zama mai bin fensirin da tawada. Shi ya ba ƙarfen Kirby sheƙi, ya ba duwatsun jikin Ben nauyi. Duk wannan fa da gaggawa ake yi: a 1962 kaɗai Kirby ya zana shafi fiye da 1,000.

Kada a ce mun zo rage wa Lee daraja. Abin da ya kawo ba ƙarami ba ne, kuma an ga shaida bayan sun rabu, domin da Kirby ya koma rubuta wa kansa magana, tunanin ya ƙara zurfi amma harshen ya yi tauri. Lee ya ba kowane mutum muryarsa, har in ka rufe hoton da hannu za ka san wa ke magana. Reed da dogon Turanci, Ben ya katse shi da bakin 'yan tasha, Johnny da rawar kai. Ya kuma san yadda ake zolayar mai karatu, yana yi masa magana kai tsaye kamar mai tatsuniya da ke tsayawa ya tambayi yara ko suna ji. Ya buɗe shafin wasiƙu, yana amsawa da raha, har yaro a ƙauyen Amurka ya ji kamar shi ma ɗan gida ne. Aibinsa shi ne yawan zance. Sau da yawa hoto ya riga ya gama magana, sai ka ga an cusa kumfa uku a kai suna faɗin abin da ido ya gani.

Yanzu mu zo ga miyagu. Mugun da muka saba da shi a labaru, irin mugun waziri ko kishiyar uwa, mugu ne don an ce masa ya zama mugu, aikinsa ya ƙulla, a kama shi, a huta. Doctor Doom, wanda ya fara bayyana a fitowa ta 5 cikin 1962, da haka ya soma, amma a fitowa ta musamman ta 1964 aka ba shi asali. Sunansa Victor, ɗan wata ƙabila ce mai yawo da ake tsangwama a Latveria, ƙasar da aka ƙaga a tsakiyar Turai. Uwarsa matsafiya ce, ta mutu yana ƙarami. Ubansa mai magani ne, aka tilasta shi ya duba matar wani basarake, ta mutu, ya gudu da ɗansa cikin dusar ƙanƙara, sanyi ya yi ajalinsa. Yaron ya tashi da ƙwaƙwalwa da ƙullaci, har ya samu gurbin karatu a wata jami'a a Amurka, inda ya haɗu da Reed.

Abin da ya raba su, 'yan'uwa ɗalibai, abu ne da kowa a zauren nan zai gane. Reed ya leƙa ɗakin Victor, ya ga lissafin wata na'ura da yake haɗawa don ya yi magana da matattu, ya ce masa akwai kuskure a alƙaluman, ya sake dubawa. Victor ya kore shi. Na'urar ta fashe a fuskarsa, jami'a ta sallame shi, ya tafi duwatsun Tibet inda aka ƙera masa sulke da fuskar ƙarfe, ya dawo ya ƙwace mulkin ƙasarsu. Duk yaƙin da ya yi ta yi da Reed shekara da shekaru, tushensa ke nan: an gyara masa lissafi, kuma mai gyaran ya yi daidai. Da Reed ya zalunce shi, da ya iya yafewa. Girman kai rawanin tsiya, in ji Hausawa, amma wannan ya naɗa nasa har ya zama sarki, yana zuwa New York da rigar kariya ta shugaban ƙasa, ɗan sanda ba shi da ikon taɓa shi.

Mene ne a ƙarƙashin ƙarfen? A nan hannu biyun suka rabu. A yadda Lee ya rubuta, fuskar ta lalace ƙwarai, ba ta kallo. Kirby kuwa ya sha faɗa a hirarraki cewa a ganinsa ɗan tabo ne kawai a kunci, amma mutumin da ya ɗauki kansa ba shi da aibi ba zai iya jure ko wannan ba. Ku duba bambancin. Na Lee abin tausayi ne wanda hatsari ya nakasa. Na Kirby mai lafiya ne wanda ya kulle kansa a kurkuku saboda ƙwarzane. Da yake a zamaninsu ba a taɓa nuna fuskar ba, sai mai karatu ya samu duka biyun a mutum ɗaya, yana jin tausayinsa yana kuma jin haushinsa. Sai a 1985 John Byrne ya ɗinke zancen, ya nuna tabon ƙarami ne, amma garaje ya sa Victor ya kifa ƙarfen a fuskarsa tun bai huce ba. Dabara ce mai kyau, ko da yake mu dai mun fi son lokacin da ba a sani ba.

Mugu na ƙwarai yakan tona asirin jarumi. A fitowa ta 40, cikin 1965, Ben ya samu ya koma mutum, abin da ya fi so a duniya. Doom ya mamaye gidansu, Reed ya ga ba mai iya tunkararsa sai Thing, sai ya haska wa abokinsa na'ura ya mayar da shi dodo. Ben ya ratsa duk makaman Doom, ya murƙushe masa hannuwa, sa'an nan ya juya ya bar ƙungiyar. An ci nasara, amma mai karatu ya rufe mujallar yana tambayar kansa, tsakanin masanan nan biyu, wanne ne bai mai da mutum kayan aiki ba?

A 1966, daga fitowa ta 48 zuwa ta 50, aka kawo Galactus. Shi ba ya ƙin kowa. Yunwa yake ji, abincinsa kuwa duniyoyi ne, ya sauka ya kafa injinsa ya tsotse ran ƙasa ya wuce. Da jaruman suka kai masa hari, ko kallon kirki bai yi musu ba, kamar manomin da ke huɗa bai san ya bi ta kan gidan tururuwa ba. Kirby ya zana shi ƙato bisa rufin bene, da kwalkwali mai ƙaho, yana ta haɗa na'urarsa a natse, wannan natsuwar ce abin tsoron. Sai dai a fitowar farko an manna masa harafin G a ƙirji, kamar ɗan ƙwallo, abin da har yau ba mu san wanda ya koya wa mai cin duniyoyi boko ba.

Lee da bakinsa ya sha ba da labarin cewa da shafukan suka iso, sai ya ga wani mutum mai sheƙi kamar azurfa yana yawo a sama bisa wani falanki, wanda ba su yi maganarsa ba. Ya tambaya, Kirby ya ce ai mai girma irin wannan ba ya tafiya ba zagi. Haka aka haifi Silver Surfer. Kuma shi ne ya zama zuciyar labarin. Ya faɗo gidan Alicia Masters, makauniya mai sassaƙa, budurwar Ben, ita ce ta sa ya fara ganin cewa abin da ubangidansa zai ci yana da rai da daraja. Ya juya wa ubangidansa baya, aka hukunta shi da zaman duniya, ba shi da ikon komawa cikin taurari. Ƙarfi bai kori Galactus ba, sai da Johnny ya je can wata nisa ya ɗauko wani ɗan makami da zai iya shafe kome da kowa, Reed ya nuna masa, ya haƙura ya tafi. Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne, wannan gagarumin al'amari a tsakiyar fitowa ta 50 ya ƙare. Sauran shafukan, Johnny ne ya ɗauki akwatinsa ya tafi jami'a, yana tunanin yadda wanda ya ga ƙarshen sarari zai zauna a aji. Masu jarrabawa a mako mai zuwa sai su ɗauki haƙuri, ba su kaɗai ba ne.

Wata ɗaya bayan haka sai fitowa ta 51, wadda da yawa ke cewa ita ce gwanar duka. Shafin farko Ben ne tsaye cikin ruwan sama shi kaɗai, ba faɗa, ba ihu. Wani masani da ba a ko faɗi sunansa ba, wanda hassadar Reed ta cinye, ya yaudari Ben ya sace siffarsa, ya shiga gidan don ya hallaka Reed. Sai ya tarar Reed zai shiga wata duniya mai hatsari, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya miƙa wa wanda yake zaton amininsa ne ya riƙe. Mutumin ya ga abin da bai zata ba, cewa wanda yake ƙi ba don suna yake yi ba. Ya yi jinkiri har igiyar ta tsinke, ya bi shi ciki, ya jefo shi waje, shi kuwa ya zauna bisa wani dutse yana jiran ajalinsa. Ya ari fuskar Ben don ya yi mugunta, halin Ben ya kama shi.

A fitowa ta 52 aka kawo T'Challa, Black Panther, sarkin Wakanda, ƙasar Afirka da aka ƙaga wadda ta fi Turai ilmin ƙere-ƙere, watanni kaɗan kafin a kafa jam'iyyar baƙaƙen Amurka mai wannan suna a Oktoban 1966. Abokin gabansa Klaw Bature ne da ya zo da bindigogi neman ma'adini, ya kashe uban T'Challa. Wannan mugu ba ya bukatar a yi wa ɗan Afirka bayaninsa. Amma Afirkar da aka zana ta mutanen da ba su taɓa zuwa ba ce, ga mashi, ga ganguna, ga dawa. Haka kuma Sue, shekaru ana sace ta ana cetowa, har masu karatu suka rubuto cewa ba ta da amfani, aka kare ta a fitowa ta 11 da hujjar da ta fi zargin muni, wai ai tana ƙarfafa wa maza gwiwa. Sai a 1985 aka daina kiranta yarinya, alhali tun 1965 ta yi aure, ta haihu a 1968.

Ƙarshen zaman mutanen biyu bai yi daɗi ba. A 1968 Lee ya ba Silver Surfer mujallarsa ta kansa, ya ba wani mai zane, John Buscema, ya kuma ƙaga masa asalin da ba shi Kirby ya nufa ba. Kirby ana biyansa ne a kan kowane shafi, ba shi da kaso a cikin abin da ya ƙaga, 'yan jarida kuwa in sun zo wurin Lee suke nufa, domin shi ne mai baki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ko da yake shi ma gardin ma'aikaci ne, ba shi ya mallaki kurar ba. A 1970 Kirby ya koma kamfanin DC. Takardun zanensa na asali ma sai da aka yi ta ja-in-ja kafin a mayar masa da kimanin shafi 2,000 a 1987, kaɗan daga cikin abin da ya zana. Ya rasu a 1994. A 2009 kamfanin Disney ya sayi Marvel a kan dala biliyan 4, 'ya'yan Kirby suka nemi haƙƙin ubansu, aka yi ta shari'a har ta kai ƙofar Kotun Ƙoli ta Amurka, kana aka sasanta a 2014. Lee ya rasu a 2018. A fim ɗin Fantastic Four na 2025, duniyar da labarin ya faru a cikinta an ba ta lamba 828, watau 28 ga watan 8, ranar haihuwar Kirby, shekara 31 bayan an binne shi.

Shugaba, mun ga ana nuna mana agogo. A nan za mu dakata, in akwai tambaya muna saurare.